Kumburin Jarirai Mai Tabon Jini: Cutar da Ke Kama da Sanƙarau

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a ƙasar Gobir, ko a Sabon Birni, ko a Isa, ko a ƙauyukan da ke bin gaɓar Gulbin Rima har zuwa kan iyakar Maraɗi, ya san irin fargabar da kan shiga gida idan aka wayi gari a cikin bazara jariri yana zazzaɓi, kuma ga wasu baƙaƙen tabo sun fito masa a jiki. Abin da kan fara zuwa zukatan manya shi ne sanƙarau, kuma suna da gaskiya, domin cutar ta sha yi wa wannan yanki ɓarna. To amma akwai wata cuta dabam, wadda ba kasafai ake samunta ba, da kan kumbura wa jariri fuska da kunnuwa da hannuwa, ta fito masa da manyan tabo masu ban tsoro, sa'an nan ta warke da kanta cikin mako ɗaya zuwa uku ba tare da ta bar wata illa ba. A wannan darasi za mu kira ta "kumburin jarirai mai tabon jini", wanda shi ne ma'anar sunan da likitoci suka ba ta.

Mai karatu zai iya tambaya, mene ne amfanin nazarin cutar da ba ta da yawa, kuma ba ta kisa? Amfanin iri biyu ne. Na farko, ta hanyarta ɗalibi zai fahimci yadda ƙananan jijiyoyin jini da garkuwar jiki ke aiki. Na biyu, sai an san ta ne za a iya bambanta ta da cututtukan da ke kama da ita, waɗanda wasu daga cikinsu kan kashe yaro a cikin yini ɗaya. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane, kuma a fannin likitanci rayuwar yaro kan rataya ne a kan wannan bambanci.

Tarihin Gano Cutar

Wanda ya fara bayyana wannan cuta a rubuce shi ne wani likita a Amurka mai suna Snow, a shekarar 1913, bayan ya duba wani jariri mai shan nono da hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, jikinsa kuma ya fito da tabon jini. A shekarar 1938 Heinrich Finkelstein, shahararren likitan yara na ƙasar Jamus, ya yi cikakken bayaninta, ba da daɗewa ba kuma wani likitan Jamus mai suna Seidlmayer ya ƙara nasa. Shi ya sa a wasu littattafai ake kiranta cutar Finkelstein, ko cutar Seidlmayer.

A shekarar 2008 wasu likitocin yara na ƙasar Siwizalan sun tattara rahotannin da aka buga game da cutar a duniya, suka sami bayanin yara kusan 300. Sun gano cewa kashi biyu cikin uku na yaran maza ne, kuma rabinsu ba su wuce wata 11 da haihuwa ba. Galibi cutar kan kama yaro ne tsakanin wata 4 da shekara 2. Yawancin rahotannin sun fito ne daga ƙasashen Turai da makwabtansu, inda likitocin fata suke da yawa, kuma inda tabon ya fi fitowa fili a kan farar fata. Cutar dai ba ta zaɓi wata ƙabila ko launin fata ba.

Yadda Jini Ke Zagaya Fata

Kafin mu fahimci cutar, sai mu tuna darasinmu na zagayawar jini. Zuciya kan tura jini ta manyan jijiyoyi, waɗanda kan yi ta rarrabuwa suna ƙanƙancewa har su zama wasu 'yan siraran hanyoyi da ido ba ya iya gani sai da madubin likita. Wasunsu saboda ƙunci, jajayen ƙwayoyin jini kan bi ta cikinsu ne a jere ɗaya bayan ɗaya, alhali faɗin kowace ƙwaya bai wuce kashi 7 zuwa 8 cikin 1,000 na milimita ba. Daga nan waɗannan hanyoyi kan sake haɗuwa su zama ƙananan jijiyoyi masu mayar da jini zuwa zuciya.

Ɗalibin da ya taɓa taya iyayensa ban ruwa a fadamar Rima zai gane wannan tsari da sauƙi. Inji kan ɗebo ruwa ya zuba a babbar magudana, daga nan ruwan ya rarrabu cikin ƙananan hanyoyi har ya kai kowane fangalin albasa. Muddin gefen hanyoyin yana da ƙarfi, ruwa zai tafi inda aka nufa. Amma idan gefen ya zaizaye a wani wuri, sai ruwa ya tsiyaye ya kwanta inda ba a bukatarsa.

Haka abin yake a cikin fata. Jini ya ƙunshi ruwa mai launin rawaya da ake kira filasma, da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar oksijin, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cuta, da kuma wasu 'yan ɓarɓashi masu toshe rauni don jini ya daskare, waɗanda ake kira filatilet. Idan bangon ƙaramar jijiya ya yi rauni, filasma ya tsiyaye cikin naman da ke kewaye, sai wurin ya kumbura. Idan raunin ya kai har jajayen ƙwayoyi suka fice, sai su kwanta a ƙarƙashin fata su zama tabo. Wannan tabo shi likitoci ke kira purpura, daga kalmar Latin mai nufin launin shunayya. Kada ɗalibi ya rikita ta da furfurar tsufa, domin babu abin da ya haɗa su sai kamancin sauti.

Abin da Ke Raunana Jijiyoyin

Abin mamaki game da wannan cuta shi ne, garkuwar jikin yaron ce da kanta ke jawo ɓarnar. Ga yadda abin ke faruwa daki-daki.

Idan baƙon abu ya shiga jiki, misali ƙwayar cutar mura, jiki kan ƙera wasu sinadaran kariya da ake kira antibodi, waɗanda kan kama baƙon su manne masa. Wannan haɗin na baƙo da antibodi kan zama wani ɗan ƙulli da ke yawo a cikin jini, kuma a bisa al'ada hanta da saifa kan tace shi su kawar. A jikin wasu yara ƙalilan, sai irin waɗannan ƙulle-ƙulle su maƙale a bangon ƙananan jijiyoyin fata. Da sun maƙale, wasu sinadarai na cikin jini kan yi aiki irin na mai kururuwa, su kirawo wani nau'i na fararen ƙwayoyin jini mai suna nutirofil. Su kuwa waɗannan dakaru da sun iso sai su saki makamansu masu narkar da ƙwayar cuta, amma da yake abin da suka zo yaƙa yana manne da bangon jijiya, sai bangon ya sami rauni. Dakarun da yawa kan mutu a wurin, kuma idan aka yanki ɗan ƙaramin yanki na fatar aka duba da madubin likita, akan ga gutsattsarinsu warwatse a kewayen jijiyar. Irin wannan kumburi na bangon jijiyoyin jini shi ake kira baskulaitis a likitance.

Abubuwan da aka lura sukan gabaci cutar da 'yan kwanaki sun haɗa da mura da tari, da ciwon kunne ko na maƙogwaro, da gudawa, da shan wasu magunguna kamar masu kashe ƙwayoyin bakteriya, kuma jefi-jefi akan same ta bayan allurar rigakafi. Wannan na ƙarshe ba hujja ba ce ta guje wa rigakafi. Kumburin kan wuce cikin 'yan makonni, amma ƙyanda da sanƙarau da tarin shiƙa da rigakafi ke karewa, kisa suke yi. Ita kanta cutar ba ta yaɗuwa daga yaro zuwa yaro, kuma ba gadonta ake yi ba.

Alamomin Cutar

Alamomi uku ne likitoci ke dubawa.

Na farko shi ne tabo. Yakan fara ne kamar cizon sauro ko borin jini, amma cikin yini ɗaya ko biyu sai ya faɗaɗa ya zama kewayayye, mai faɗin santimita 1 zuwa 5, wato daga girman ƙwayar gyaɗa zuwa wanda ya ɗara murfin kwalbar lemo. Sau da yawa tsakiyarsa ta fi duhu, gefensa kuma ya yi zobe, kamar saƙar faifai mai da'ira cikin da'ira. Wuraren da ya fi fitowa su ne kumatu da kunnuwa da fatar ido da hannuwa da ƙafafu, amma yakan ƙyale ƙirji da ciki da baya. A kan farar fata yakan yi ja ko shunayya. A kan baƙar fata irin tamu yakan fito ne da duhu fiye da sauran fatar, kamar inda aka buge, kuma idan aka shafa da yatsa akan ji ya ɗan taso. Yayin da jiki ke narkar da jinin da ya kwanta, tabon kan koma ruwan ƙasa kafin ya ɓace.

Na biyu shi ne kumburi. Yakan kama bayan hannu da bayan ƙafa da fuska da kunnuwa, wani lokaci har da maraina ga ɗa namiji. Yakan ɗan yi zafi in an taɓa, yakan fi yawa a wani sashe fiye da wani, kuma galibi in an danna shi da yatsa ba ya barin rami.

Na uku shi ne zazzaɓi, wanda kusan rabin yaran ne kawai ke yi, kuma ba ya tsanani.

Bayan waɗannan uku akwai abin da ya fi su muhimmanci, wato halin da yaron ke ciki. Duk da munin abin da ke jikinsa, jaririn kan ci gaba da kama nono, yana bin mutane da kallo, yana wasa, har ma ya yi wa uwarsa murmushi. Likitocin da suka rubuta game da cutar sun sha nanata wannan saɓani tsakanin fata mai tayar da hankali da yaro mai kuzari. Ba kasafai cutar ke taɓa ƙoda ko hanji ba, ko da yake an sami yara ƙalilan da jini ya fito a fitsarinsu na ɗan lokaci, ko suka yi ciwon ciki.

Gwajin Kofin Gilas

Akwai hanya mai sauƙi ta gane ko tabo na jinin da ya fice daga jijiya ne. Ɗalibi ya fara gwadawa a kan farcensa: ya danna shi da ƙarfi zai ga ya yi fari, domin an kori jinin da ke cikin jijiyoyin, da ya saki kuma launin zai dawo cikin daƙiƙa 2. Haka ƙurajen ƙyanda da borin jini da ƙurajen zafi suke, domin a cikinsu jijiyoyi sun buɗe ne kawai, jinin yana nan a ciki, saboda haka in an danna sai launin ya kau.

Jinin da ya riga ya tsiyaye ƙarƙashin fata ba shi da hanyar da zai bi ya kauce. Idan aka ɗauki kofin gilas marar launi, irin wanda ake shan shayi da shi, aka danna gefensa a kan tabon aka leƙa ta cikinsa, za a ga tabon yana nan daram. A kan baƙar fata ya kamata a yi wannan gwaji a cikin hasken rana, kuma a duba wuraren da fata ta fi haske: tafin hannu, tafin ƙafa, cikin fatar ido ta ƙasa, da ganɗar baki.

A nan sai a lura da kyau. Gwajin yana nuna cewa jini ya fice daga jijiya, amma ba ya faɗin dalilin ficewarsa. Tabon kumburin jarirai ba ya kaucewa a ƙarƙashin kofi, haka ma tabon sanƙarau. Don haka duk jaririn da aka ga yana da tabon da ba ya kaucewa, musamman in da zazzaɓi, asibiti ya kamata a nufa da shi a wannan sa'ar.

Sanƙarau, Babban Abin Tsoro

A shekarar 1963 wani likitan sojan Faransa mai suna Lapeyssonnie ya bayyana wani yanki na Afirka da annobar sanƙarau ke yawan aukuwa a cikinsa. Yankin a yau ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha, ya ratsa ƙasashe 26, kuma ƙasar Gobir ta ɓangaren Nijeriya da ta Nijar tana cikinsa. Annobar kan tashi ne a lokacin rani, daga Disamba zuwa Yuni, lokacin da ƙurar hunturu da zafin bazara ke busar da hanci da maƙogwaro, ga kuma cunkoson kwana a ɗaki ɗaya. Da ruwan sama ya kankama sai ta lafa.

A shekarar 1996 annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000. A shekarar 2010 aka fara amfani da allurar MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi baya a 2011, kuma allurar ta karya lagon nau'in ƙwayar da ake kira A. Sai dai wani nau'in mai suna C ya ɓulla a jihohin Sakkwato da Kabi daga 2013, kuma tsakanin ƙarshen 2016 da tsakiyar 2017 ya haddasa annobar da aka yi zaton ta kama mutum fiye da 14,000, ta kashe fiye da 1,100, akasari a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A shekarar 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai suna Men5CV, wadda ke kariya daga nau'i biyar: A, C, W, X da Y.

Ƙwayar bakteriyar da ke kawo wannan annoba, wato meningokokas, ba a kan rufin ƙwaƙwalwa kaɗai take tsayawa ba. Takan shiga cikin jini ta hayayyafa, gubarta ta lalata jijiyoyi a ko'ina cikin jiki, jini ya riƙa daskarewa a inda bai kamata ba yana tsiyayewa a wani wurin. Tabonta kan fara kamar ɗigon tsinin allura, ya yawaita cikin sa'o'i, ya haɗe ya zama manyan baƙaƙen shaci marasa tsari, kuma ba ya ƙyale ƙirji da ciki. Yaron kuwa kan galabaita: ya ƙi nono, ya riƙa barci mai nauyi ko kuka mai tsini wanda ba ya jin rarrashi, jikinsa da zafi amma tafin hannu da ƙafa da sanyi, numfashinsa ya yi sauri, maɗigarsa ta taso, wani lokaci ya yi jijjiga. Sanƙarewar wuya da aka san cutar da ita ba lallai ne a gan ta ga jariri ba, haka kuma tabon kan makara ko ma ya ƙi fitowa, saboda haka bai kamata a jira su ba. Cutar kan iya kisa cikin sa'a 24, alhali kuwa tana jin allurar kashe bakteriya irin su seftiriyazon in an fara da wuri.

Sauran Cututtuka Masu Kumbura Yara

Akwai wasu cututtukan da suka fi kumburin jarirai mai tabon jini yawa nesa ba kusa ba a yankinmu, kuma ya kamata ɗalibi ya san yadda kowace ta bambanta.

Amosanin jini, wato sikila, sau da yawa yakan fara bayyana ne da kumburin hannuwa da ƙafafu tsakanin wata 6 da shekara 2. Kumburin yana da raɗaɗi ƙwarai, yaron ba ya yarda a taɓa shi, amma babu tabon jini mai zobe a kumatu da kunnuwa. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya yana ɗauke da ƙwayar gadon wannan cuta.

Tamowa mai kumburi kan fara ne daga ƙafafu biyu a lokaci guda. In an danna bayan ƙafar da babban yatsa na daƙiƙa 3, ramin yatsan kan zauna. Gashin yaron kan yi ja ya yi laushi, fatarsa ta riƙa saɓulewa, shi kuma ba ya sha'awar abinci ko wasa.

Ciwon ƙoda kan kumbura fatar ido da safe, fitsari ya ragu ko ya riƙa kumfa.

Akwai kuma cutar da likitoci ke kira noma, sunan da ya fito daga harshen Girka, ba shi da alaƙa da noman gona. Takan fara da gyambon dasashi da warin baki ga yaro mai fama da yunwa, sai kunci ɗaya ya kumbura, baƙin tabo ya fito a kansa, cikin 'yan kwanaki naman ya ruɓe. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin wannan cuta tun 1999, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

Ita kuwa cutar Henoch da Schönlein 'yar'uwa ce ta kusa ga wadda muke nazari, domin ita ma kumburin ƙananan jijiyoyi ce. Ta fi kama yaran da suka wuce shekara 3, tabonta kan fito a ƙafafu da ɗuwawu, takan zo da ciwon ciki da na gaɓoɓi, kuma takan taɓa ƙoda, shi ya sa akan daɗe ana auna fitsarin mai ita.

Yawan yaran da suka kamu shi ma alama ne. A watan Maris na 2024 aka sanar da Hukumar Hana Yaɗuwar Cututtuka ta Nijeriya, wato NCDC, cewa yara da dama a Ƙaramar Hukumar Isa suna fama da kumburin ciki da zazzaɓi da amai da rama. Zuwa watan Afrilu waɗanda ake zaton sun kamu sun haura 160, kuma gwajin farko ya nuna dalma da wani ƙarfe mai suna kuromiyam a jinin wasu daga cikinsu. Kumburin jarirai mai tabon jini ɗai-ɗai yake zuwa. Idan aka ga yara da yawa a unguwa ɗaya da kumburi iri ɗaya, to akwai abin da ya haɗa su, ko ruwa, ko abinci, ko ƙwayar cuta, kuma wajibi ne a kai rahoto ga jami'in lafiya na ƙaramar hukuma.

Abin da Ake Yi a Asibiti

Likita kan fara ne da kawar da zaton cututtuka masu haɗari. Zai tambayi yaushe tabon ya fara, da ko yaron ya yi mura ko ya sha wani magani. Zai auna zafin jiki da bugun zuciya da numfashi, ya taɓa maɗiga. Zai sa a ƙirga ƙwayoyin jini, domin ƙarancin filatilet shi ma yana kawo tabo. Mai lafiya yana da tsakanin 150,000 da 450,000 a cikin kowane maikurolita na jini, kuma a wannan cuta adadin ba ya raguwa, yakan ma ɗan ƙaru. Za a auna fitsari don a tabbatar ƙoda lafiya take, a kuma yi gwajin zazzaɓin cizon sauro. Idan akwai shakka ko kaɗan game da sanƙarau, akan fara allura nan take, a ɗebi ruwan ƙashin baya a gwada. Gara a yi wa yaro allurar da daga baya aka ga bai buƙace ta ba, da a yi jinkiri ga wanda yake buƙata.

In an tabbatar kumburin jarirai mai tabon jini ne, to ba ya buƙatar wani magani na musamman. Akan ba da farasitamol daidai nauyin yaro don zafi, a ci gaba da shayarwa, a yi maganin ciwon kunne ko maƙogwaro in akwai, a dakatar da maganin da ake zargin shi ya tayar da cutar. Wasu likitoci kan ba da magungunan rage kumburi masu sitiroyid, amma bincike bai tabbatar suna gaggauta warkewa ba. Da wuya cutar ta dawo bayan ta warke.

Abin da Ya Rataya a Wuyan Iyali

Daga ƙauyukan Sabon Birni da Isa zuwa Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato tafiya ce ta sa'o'i, kuma matsalar tsaron da ta addabi gabashin jihar a shekarun baya-bayan nan ta ƙara wa tafiyar wahala, musamman da dare. Wannan dalili ne na tashi da wuri tun rana tana sama, a fara da asibiti mafi kusa, domin allurar farko ta sanƙarau ba sai a babban birni ake yinta ba.

Kada a yi wa kumburin sakiya ko tsaga ko ƙaho ko lalas. Babu mugunya a cikinsa da za a fitar, kuma yankan kan buɗe ƙofa ga ƙwayoyin cuta, har da na sandarewar haɓa. Kada a shafa masa man bilicin ko wani haɗi da ba a san abin da ke ciki ba, kada kuma a ba jariri asfirin ko ragowar maganin wani.

Akwai wata illar da ba ta jiki ba. Da yake tabon kan yi kama da shacin duka ko mintsini, musamman a kunne da kunci, akan zargi 'yar raino ko kishiya ko maƙwabciya da cutar da yaron, wani lokaci ma a ambaci maita ko kambun baka. Ko a ƙasashen Turai da Amurka an sha zargin iyaye da dukan 'ya'yansu saboda wannan cuta kafin likita ya gano gaskiya. Tabon kan ɓace cikin mako uku, amma gabar da zargi ya haifar a cikin gida takan shekara ba ta mutu ba. Bincike kamata ya yi ya gabaci hukunci.

Kammalawa

Mun ga cewa kumburin jarirai mai tabon jini yana faruwa ne sa'ad da garkuwar jiki ta raunana bangon ƙananan jijiyoyin fata, filasma ya tsiyaye ya kawo kumburi, jajayen ƙwayoyi suka fice suka kawo tabo. Cuta ce mai sauƙi, amma likita ne kaɗai zai iya cewa ita ce, bayan ya kawar da zaton sanƙarau da sauran masu kama da ita. Ɗalibin sakandare sau da yawa shi ne mai karatun boko mafi zurfi a gidansu, kuma shi akan tambaya idan ƙanensa ba shi da lafiya. Abin da ake so ya riƙe shi ne: ya dubi tabon da kofin gilas a cikin haske, ya dubi ko yaron yana kama nono yana kuma da kuzari, sa'an nan ko mene ne ya gani, in dai tabon bai kau ba, ya matsa a tafi asibiti a ranar.

Aikin Aji

1. Zana hoton ƙaramar jijiyar jini, ka nuna abin da ke ficewa daga cikinta ya kawo kumburi, da abin da ke ficewa ya kawo tabo.

2. Kowane ɗalibi ya danna farcen abokinsa na daƙiƙa 5, ya saki, ya auna tsawon lokacin da launin ya ɗauka kafin ya dawo. A rubuta sakamakon ajin a allo, a fitar da matsakaicinsa.

3. Me ya sa ƙurajen ƙyanda ke kaucewa a ƙarƙashin kofin gilas, amma tabon sanƙarau ba ya kaucewa?

4. Kawo bambanci huɗu tsakanin jariri mai kumburin jarirai mai tabon jini da jariri mai sanƙarau.

5. Ta yaya za ka bambanta kumburin tamowa da na amosanin jini?

6. Malami ya jagoranci ɗalibai su tambayi jami'in lafiya na asibitin da ya fi kusa da makarantarsu, waɗanne alluran rigakafi ake yi wa jariri daga haihuwa zuwa wata 15, kuma wace rana ce a mako ake yinsu.